Kwana arba'in da biyu ina shan ruwan ciyawar alkama

Ranar da Baffa ya zo daga Kura, ya tarar da farantai uku jere a barandar ɗakina, kowanne cike da tsiro kore shar, tsawonsa bai wuce taƙi guda ba. Ko zama bai yi a kan tabarmar da na shimfiɗa masa ba, ya sunkuya ya tsinki ganye ɗaya, ya murza, ya kai hanci.

"Ke 'yar nan, wannan fa alkama ce. Noman rani kika koma yi a faranti?"

Na ce, "Baffa, sha nake yi. Magani ne."

Ya dube ni, ya dubi farantan, ya sake dubana. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Shekara talatin ina biyan yara kuɗi su kore mini awaki daga wannan ciyawar, ashe da mutanen birni ya kamata in yi tsaro."

Baffa ƙanin mahaifina ne. Alkama yake nomawa a yankin Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai yana shayar da gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure. Tun muna yara alkamarsa muke ci, funkaso da alkubus da taliyar murji, in biki ya tashi kuma a yi alkaki. Ban taɓa kawo wa raina wata rana zan bar ƙwayar in koma wa ganyen ba.

Abin ya faro ne a watan Disamba. Jiri ya dame ni. In na sunkuya zan ɗauki bokiti sai ƙasa ta juya, in na hau benen makaranta sai na tsaya a tsakiya ina haki kamar wadda ta yi tsere. Na je asibiti aka ɗebi jinina, likita ta ce kashi 28 ne, alhali na mace baligar da ba ta da ciki ya kamata ya kai 36 ko ya wuce. Ta tambaye ni yadda al'adata take, na gaya mata gaskiya, kwana takwas nake yi kuma da yawa. Ta rubuta mini ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce in dawo bayan wata biyu.

Sati biyu na yi ina sha na ajiye. Duk wadda ta taɓa shan su ta san dalili. Ciki ya ɗaure, bayan gida ya yi baƙi ƙirin, bakinka kullum kamar ka tsotsi ƙusa. Ana cikin haka sai wata ta turo bidiyo a zauren WhatsApp na matan unguwarmu. Wani mutum ne sanye da farar riga irin ta likitoci, riƙe da ƙaramin kofi, yana cewa wannan ruwan shi ake kira koren jini, wai koren da ke cikin ganyen kusan ɗaya yake da jan da ke cikin jinin mutum, in ka sha kai tsaye yake komawa jini. Ya ce yana wanke hanta, yana kashe ƙwayar sankara, yana daidaita suga, kuma kofi ɗaya ya fi kilo guda na kayan lambu. A ƙarshen bidiyon akwai lambar waya, da hoton wata 'yar roba ta garinsa wadda kuɗinta zai saya mini tiyar alkama har a ba ni canji.

Abin kunyar shi ne ni malamar kimiyya ce a ƙaramar sakandare. Ni ce nake zana ganye a allo ina koya wa 'yan aji biyu yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana. Amma jiki in ya gaji, hankali ma rangwame yake yi. Abin da kawai na yi na wayo shi ne na ƙi sayen garin, na ce tunda ga alkamar Baffa a buhu, ni ma zan shuka abata.

Shukar ba wuya. Gwangwani ɗaya na alkama nake wankewa in jiƙa da daddare. Da safe in tsiyaye ruwan, in zuba ta a kwando in rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ina ɗauraye ta safe da yamma. Kwana biyu za ka ga ta fito da fararen 'yan wutsiyoyi. Sai in baza ta a kan ƙasar da na zuba a faranti, kaurin ƙasar kamar yatsa biyu, in yayyafa ruwa in rufe da wani farantin na kwana biyu. Ranar da na buɗe na farko, tsiron rawaya ne fatau kamar mara lafiya, amma kafin la'asar hasken baranda ya mayar da shi kore. A kwana na takwas ko na tara ya isa yanka. Hunturu ya taimake ni sosai, don alkama 'yar sanyi ce, shi ya sa su Baffa ke shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba su girbe wajen Maris.

Da almakashin ɗinki nake yanka, kamar yatsa ɗaya sama da ƙasa. In wanke, in zuba a bilenda da ɗan ruwa, in babu wuta in kirɓa a ƙaramin turmin daka yaji, wanda na sha wahalar raba shi da ƙamshin barkono. Sai in tace da farin ƙyalle in matse. Dole ne a tace, don tuƙar ba ta narkewa a cikin mutum. Saniya da akuya suna da tumbin da ke jiƙa ciyawa, wasu ƙananan halittu da ke cikinsa su farfasa musu ita, mu ba mu da shi. Cikin hannu guda na ganye yakan ba ni abin da bai wuce rabin ƙaramin kofin shayi ba.

Ɗanɗanon shi ne abin da babu wanda ya gaya mini. Na zaci ɗaci zan ji irin na shuwaka ko darbejiya, har na shirya masa. Sai na ji zaƙi. Wani irin zaƙi mai nauyi, mai gundura, da ke maƙalewa a maƙogwaro, ga warin ɗanyar ciyawa irin wanda ke tashi in an yi wa filin ƙwallo aski. Ranar farko minti goma ban yi ba zuciyata ta fara tashi, miyau ya cika mini baki, kaina ya ɗan sara. Na rubuta a zauren, nan take mutum uku suka ce alhamdu lillahi, ai dattin jiki ne ke fita. Na daure. Bayan kwana huɗu tashin zuciyar ya lafa, musamman da na fara matsa lemon tsami a ciki ina kurɓa a hankali maimakon in kwankwaɗe.

Zan faɗi gaskiyar abin da na ji, don ba na son in zama irin masu zagin abu bayan sun gama cin moriyarsa. A sati na biyu safiyata ta yi sauƙi. Cikina ya saki, nauyin da nake tashi da shi ya ragu, har Abban yara ya ce fuskata ta washe. Na ɗauka aikin ciyawa ne. Sai daga baya na zauna na lissafa abubuwan da suka sauya a wannan lokacin. Na daina shan ƙwayoyin da ke ɗaure mini ciki, to ina mamakin ciki ya saki? Saboda an ce a sha kafin a ci komai, kuma a jira rabin awa, sai na koma shan ruwa kofi biyu bayan sallar asuba don in kore ɗanɗanon. Shayin nan mai kauri da madara da suga cokali uku da nake buɗe rana da shi ya koma sai ƙarfe goma, wani lokacin ma in manta da shi. Kuma saboda in sami lokacin yanka da tacewa kafin in shirya yara, na daina kaiwa sha biyun dare ina latsa waya. Ko ruwan randa zalla nake sha a wannan tsarin, da na ji sauƙi.

Jirin kuwa yana nan. Benen makaranta bai rage tsawo ba. Ina dai gaya wa kaina sai a hankali.

Da zafi ya fara shigowa a farkon Maris, farantan suka sauya hali. Tsiron ya riƙa fitowa siriri, yana kwanciya, ga ƙananan ƙudaje suna shawagi a kansa. Wata safiya na buɗa tsakanin ganyen da yatsa, na ga wani farin abu kamar saƙar gizo-gizo ya lulluɓe ƙwayoyin da ke ƙasa, wasu sun yi baƙi-baƙi, wasu shuɗi-shuɗi, ga warin ruma. Funfuna ce. Ƙwayoyin a cunkushe suke, kullum a jiƙe, ga ɗumi, babu abin da funfuna ke so kamar haka. Na ce ai sama nake yanka, na wanke sau uku na sha. Washegari na sake. A rana ta uku cikina ya murɗa tun ina aji, na bar yara da aikin allo na yi ta zarya. Kwana biyu ina gudawa. Ranar da na lissafa ta arba'in da biyu, ita ce ta ƙarshe.

Da na warware na koma asibiti, na makara da kusan wata guda a kan ranar da aka ba ni. Aka sake ɗibar jini. Kashi 27.

Likitar ta dubi takardar, ta dube ni ta saman tabarau. "Malama, kina shan maganin kuwa?"

Na fara kame-kame, daga baya na fito da waya na nuna mata hoton farantaina. Ba ta yi dariya ba, wanda ya fi mini ciwo a kan ta yi. Ta ce, "Ganye ne, ba zan ce miki guba ba ne. Amma kina zubar da jini duk wata fiye da yadda jikinki ke iya mayarwa. An bar jaki ana dukan taiki." Ta tura ni hoton ciki, ta ba ni maganin rage zubar, ta mayar da ni kan ƙwayoyin. Wannan karon ta ce in sha ɗaya yau in tsallake gobe, in haɗa da lemo, kuma kada in kusanci shayi awa biyu kafin sha da bayan sha, don shayi na hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayoyin. Da na faɗa mata tun farko cewa suna ɗaure mini ciki, da tun a Janairu ta gaya mini wannan.

A daren na ɗauko littattafan da na ajiye tun ina kwalejin ilimi, na haɗa da abin da na iya samu a intanet, na yi karatun da ya kamata in yi kafin in jiƙa gwangwanin farko.

Maganar koren jini tana da ɗan tushe, shi ya sa take kama hankali. In ka zana siffar kulorofil, wato koren ganye, ka zana ta jan sinadarin da ke cikin jini kusa da ita, za ka ga zobe ne iri ɗaya, kamar 'yan uwa. Bambancin yana tsakiyar zoben. Na ganye maganiziyam ne a zaune a wurin, na jini kuwa ƙarfe ne, kuma wannan ƙarfen shi ne ke kama iskar da muke shaƙa ya kai ta sassan jiki. Jiki ba ya ɗaukar zoben ganye ya cire maganiziyam ya sa ƙarfe ya tura shi jijiya. Nasa zoben yake ƙerawa da kansa, abin da yake nema daga abinci shi ne ƙarfen. To nawa ne a cikin ɗan kofin nawa? A mililita 30 na ruwan ciyawar alkama, ƙarfen bai kai miligiram ɗaya ba. Mace mai al'ada tana buƙatar wajen miligiram 18 a rana, ƙwayar da na ajiye kuwa tana ɗauke da wajen 65. Ƙari a kan haka, ƙarfen da ke cikin ganye bai kai na hanta da nama saurin shiga jiki ba. Ina ɗiga ruwa da cokali a randar da ke yoyo.

Sauran abin da ke cikinsa na kirki ne. Akwai bitamin A da C da E da K, akwai maganiziyam, akwai sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Amma in aka auna shi da alayyafo nauyi da nauyi, kusan kunnen doki suke yi, wani wurin wannan ya ɗara, wani wurin wancan. Zancen kofi ɗaya ya fi kilo guda na kayan lambu ba shi da kai balle ƙafa. Kuma wanda ya tace ya zubar da tuƙa ya yi asarar harzar da ke taimaka wa hanji, wadda mai cin kwaɗon rama ko zogale yake samu a bagas. Bishiyar zogale biyu ce a tsakar gidanmu, tun kafin a kawo ni suke nan. Duk kwanakin nan arba'in da biyu ta ƙarƙashinsu nake wucewa in je in duba farantai. Kaza ta kwana a kan dami.

Tarihin abin ma ya ba ni mamaki, don na ɗauka daga Indiya ko Sin ya fito, irin tsofaffin magungunan nan. Ashe daga Amurka ne, kuma bai cika shekara ɗari ba. A shekarun 1930 wani masanin kimiyyar noma a jihar Kansas mai suna Charles Schnabel ya riƙa ba kajinsa ɗanyar ciyawar hatsi, ya ga sun murmure ƙwai ya ƙaru. Sai ya fara shanya ta yana niƙawa, har aka riƙa sayar da garin a kantunan magani da sunan Cerophyl. Tasa ciyawar ma ba ta faranti ba ce. A gona take, ta shafe watannin sanyi tana girma a hankali, sai ta kusa fara gaɓa ake yanka. Da na ba Baffa wannan labarin a waya ya ce, "To wannan ya san alkama. Lokacin ne take da ƙarfi. Taki ta kwana takwas ai jaririya ce, abin da ke cikin ƙwayar kawai take ci."

Wadda ta mayar da ita abin sha na yayi wata mata ce, Ann Wigmore, haifaffiyar Lituwaniya da ta zauna a birnin Boston. Ita ta buɗe cibiyar da ake koyar da cin ɗanyen abinci da shan ruwan ciyawar alkama, kuma cikin hujjojinta har da cewa karnuka da kyanwoyi kan ci ciyawa in ba su da lafiya. Ba likita ba ce. A 1982 babban lauyan jihar Masacuset, inda Boston take, ya maka ta a kotu saboda ta ce tsarinta na iya sa mai ciwon suga ya rage ko ya daina allurar insulin, ta janye maganar. A 1988 aka sake kai ta a kan iƙirarin maganin ƙanjamau. Ta rasu a 1994 a wata gobara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kusan duk abin da mai farar rigar nan ya faɗa a bidiyo, maganganunta ne aka yi musu sabon wanki, shekara arba'in bayan kotu ta ja mata kunne. Game da kyanwa kuwa, Baffa ya ce shi dai duk wadda ya gani tana cin ciyawa, amai take yi bayan nan.

Ba wai masana ba su taɓa gwada ruwan ciyawar alkama ba. Sun gwada, kuma akwai abin dubawa a ciki. A 2002 a Isra'ila an ɗauki mutum 23 masu ciwon gyambon babban hanji, irin wanda ke sa bayan gida da jini. Aka ba wasu mililita 100 na ruwan kullum har wata guda, wasu kuma aka ba su wani ruwa mai kama da shi wanda ba shi ba ne. Waɗanda suka sha na gaskiyar zubar jininsu ta ragu. A 2007 a asibitin Rambam da ke Haifa an gwada shi a kan mata 60 masu sankarar mama da ke karɓar maganin kemo, aka ga alamar cewa masu shan sa jininsu bai faɗi warwas kamar na sauran ba, ko da yake shida daga cikinsu sun daina sha saboda ya ƙara musu tashin zuciya. A lura, ba sankarar ya kashe ba, kuma ba a ce su bar kemo ba. Tare aka haɗa, a gaban likitoci. Su kansu masu binciken cewa suka yi sakamakon na share fage ne, sai an yi babba. Mutum 23 ai ko rabin ajina ba su kai ba.

Wanda ya fi shafar mu shi ne na Indiya, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon zancen. A can akwai wani ciwon jini na gado da ake kira talasemiya, yaran da ke da shi sai an riƙa yi musu ƙarin jini a kai a kai. A 2004 likitoci a birnin Candigar suka ba da rahoton yara 16 da ke shan ruwan ciyawar alkama kullum, rabinsu buƙatar ƙarin jininsu ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Labari ya bazu. Amma ba a ware wasu yaran da ba sa sha an kwatanta ba. A 2009 wasu likitocin a Delhi suka gwada ƙwayoyin maganin da aka yi da ciyawar a kan marasa lafiya 53 har shekara guda, ba su ga wani sauyi ba. Labarin farko shi ne ke yawo a waya. Na biyun ba ya da mai yi masa talla.

A nan kuwa, da an ce ciwon jini na gado mai sa ƙarin jini, kowa sikila zai tuna. Najeriya ce kan gaba a duniya, ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara, babu unguwar da ba ta da gidan da ke fama. Maƙwabciyata Maman 'yan biyu tana da yaro ɗan shekara bakwai mai ita. Tun ina tsakiyar shan nawa ta shigo wata yamma, ta tsaya a kan farantan ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Anti, don Allah in kin yanka ki riƙa ɗan sam mini. An ce yana hana ƙarin jini." A lokacin cewa na yi ta bari in ga yadda zai yi mini tukuna. Wallahi ba hikima ba ce, rowa ce, farantan ba sa isata. Yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Da na ba ta, da ruwan farantin nan mai funfuna zai shiga cikin yaron da saifarsa ba ta aiki sosai, wanda ƙwayar cutar da za ta sa ni gudawar kwana biyu za ta iya kwantar da shi a gadon asibiti, ko ta shige masa ƙashi.

Da na je na same ta bayan na dawo daga asibiti, na gaya mata sakamakon jinina, na ce sikila daban talasemiya daban, kuma ko a can ɗin ma abin bai tabbata ba. Ta yi shiru, ta ce, "Anti, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi." Ban da amsar wannan. Na dai roƙe ta kada ta taɓa ajiye masa folik asid da maganin rigakafin zazzaɓin da ake ba su, ta ci gaba da ɗura masa ruwa da kai shi ganin likita a kan lokaci, duk abin da za ta ƙara kuma ta fara nuna wa masu duba shi.

Batun tsabta ba ƙarami ba ne, don abin ɗanye ake shan sa, wuta ba ta taɓa shi ba. Ɗumi da laimar da ke sa ƙwaya ta tsiro su ne ke sa ƙwayoyin cuta su hayayyafa. A 2011 a Jamus ɗanyen tsiron hulba, wanda aka shigo da irinsa daga Masar, ya kwantar da mutum kusan 4,000, fiye da 50 suka mutu. Ba ciyawar alkama ba ce, kuma ita ana yanka ta sama da ƙasa, wanda ke rage haɗarin, amma gidan tsiron ɗaya ne. Shi ya sa ake cewa mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su haƙura da shi. Mai shan wafarin, maganin tsinka jini, ya sani bitamin K da ke cikin koren ganye na rage wa maganin ƙarfi, kada ya ƙara wani abu kore kullum ba da sanin likitansa ba. Wanda alkama ba ta karɓe shi ba saboda guluten, a ƙwaya guluten yake ba a ganye ba, amma wajen yanka da niƙa ana iya samun gauraye.

Akwai kuma wanda Baffa ne ya ankarar da ni, ban gan shi a ko'ina ba sai a bakinsa. Ya ce in har zan sake, kada in kuskura in sayi irin shuka, wanda za ka ga an turbuɗe shi da wani jan gari ko ruwan hoda. Maganin ƙwari da na funfuna ne aka cakuɗa shi da shi don ƙasa, ba don ciki ba. Alkamar ci ake nema, ita ma a san hannun da ta fito, don wasu 'yan kasuwa na zuba wa hatsi magani a rumbu ba bisa ƙa'ida ba. Ni na yi sa'a tawa daga buhunsa take. Wadda ta ga bidiyo ta nufi shagon kayan noma ta ce a ba ta alkamar shukawa, abin da za a miƙo mata ke nan.

In aka tambaye ni yanzu, cewa nake lafiyayyen babba da ke sha'awa ya sha abinsa, ɗan kaɗan, daga faranti mai tsabta, a lokacin sanyi, ya ɗauke shi a matsayin ganye cikin ganyaye. Mai ƙin kayan lambu ma wataƙila ta nan ne kaɗai kore zai shiga cikinsa. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ajiye maganin suga ko na hawan jini ko na ƙarin jini saboda shi, don na yi, kuma na ga lambar da ta fito. A zauren na rubuta duk wannan a taƙaice. Mutum biyu suka yi mini godiya ta bayan fage. Wadda ta turo bidiyon ta ce jiki da jini, kowa da irin nasa, kuma wataƙila ban sa yaƙini ba. Na bar ta a haka, tare muke adashi.

Hoton ciki ya nuna ɗan ƙari a mahaifa, ƙarami, likita ta ce a sa masa ido kawai. Zubar ta ragu da magani. Ina shan ƙwayata ran Litinin da Laraba da Juma'a da rabin lemo, ina cin hanta sau ɗaya a sati in aljihu ya yarda, zogalen tsakar gida kuwa yanzu har sai da Abban yara ya ce in bar wa bishiyar na numfashi. A watan Yuni jinina ya kai kashi 35. Benen makaranta nakan hau shi ina magana da ɗalibai ban tsaya ba.

Sauran alkamar na kai inji aka niƙa, na yi alkubus da miyar taushe ranar da Baffa ya sake zuwa bayan girbi. Farantan uku suna jingine a bayan ɗaki, ɗaya har da busasshiyar saiwa a manne kamar tabarma. Da zai tafi ya gan su, ya ɗaga ɗaya ya kaɗe ƙasar, ya juya shi gaba da baya. Ya ce in ba na amfani da su in ba shi biyu, yana da 'yan tsaki da ba su da abin cin dusa.